Falun: Garin Da Jan Ƙarfe Ya Gina

Da aka ce za mu sauka mita 67 a ƙarƙashin ƙasa, sai na ƙara damƙe hannun 'yata. Muna Falun ne, a ƙasar Suwidin, garin da ya taɓa samar da kashi biyu bisa uku na jan ƙarfen Turai. Sai a 1992 aka daina haƙa.

An ba mu hular kwano da rigar ruwa. Ciki sanyi ne da danshi, ga matakala mai santsi. 'Yar'uwa, in ɗanki na da asma, ki dunƙule shi da rigar sanyi, kada ki bar maganin shaƙarsa a mota. Na sha ganin abin da sanyi ke yi wa irin yaran nan a asibiti.

A waje akwai wani makeken rami. Ƙasa ce ta rufta a 1687, Allah ya sa ranar hutu ce, ba wanda ya rasu.

Labarin Mats ne ya hana ni barci. Ya ɓace a ramin haƙa a 1677, aka tsinci gawarsa a 1719 ba ta ruɓe ba, saboda ruwan ma'adinin. Tsohuwar da ta gane shi, ita ce wadda ya yi wa alkawarin aure.