Kiwon kifi a gida: yadda ake saukar da sabbin ƴaƴan kifi ba tare da asara ba

Garin Gure ba shi da kogi. Kifin da ke shiga tukunyar mutanen garin galibi baƙo ne: banda daga tafkin Cadi ta hanyar Difa, ko kuma kifin tafkuna irin na Gidimuni, da ke kan hanyar Damagaram. Ba mamaki in mai rijiya a gida ko a garka ya yi sha'awar gina kwami ya zuba tarwaɗa ko karfasa, ya ci ya kuma sayar.

Sai dai yawancin asarar sabon mai kiwo tun a kwanakin farko take aukuwa. Mutum ya kashe kuɗin siminti, ya sayi ƴaƴan kifi, ya biya mota, ya juye su cikin ruwa da murna, gari na wayewa ya tarar da rabinsu sun juya ciki sama. Nan take sai a zargi mai sayarwa, ko a ce baki ne. Alhali sau da yawa gaggawa ce ta kashe su: an fitar da su daga ruwan da suka saba an jefa su cikin wani dabam a lokaci guda.

Darasi daga masu kifin teku

Waɗanda suka fi kowa taka tsantsan kan wannan batu su ne masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi cikin ɗakunansu, a ƙasashe irin su Faransa, Jamus da Amurka. Da hannu suke haɗa ruwan, kimanin giram 35 na gishirin teku a kowace lita, su riƙe ɗuminsa kusa da digiri 25. Cikin halittun da suke sakawa akwai anemon, wadda wasu ke kira furen teku. Ga ido kamar fure take, amma dabba ce, kuma yatsunta na harbi. Ba ta jure sauyin ruwa, shi ya sa ƙwararru ke ba da shawarar a bar sabon akwati ya yi kamar wata 6 kafin a kawo ta. Ranar da ta iso ma, ɗigo-ɗigo ake zuba mata ruwan akwatin ta siririn tiyo, wani lokaci har tsawon awa guda.

Shi kansa ɗan kifin nan mai launin lemo da farin zane, wanda yara suka sani a fim ɗin Nemo na 2003, cikin yatsun anemon yake zama. Amma an lura idan ya tarar da sabuwa yakan fara da gogar ta kaɗan-kaɗan, ya ja da baya, ya sake dawowa, kafin ya shige ciki gaba ɗaya. Tarwaɗa ta fi waɗannan halittu juriya nesa ba kusa ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: a shirya ruwa tukuna, sannan a saba wa kifi da shi sannu a hankali.

Ruwa kafin kifi

Sabon kwamin siminti yana sakin sinadarin farar ƙasa cikin ruwa, ya mai da shi mai kaifi har ya ƙona fata da huhun kifi. A cika shi, a bar shi ya jiƙa mako ɗaya zuwa biyu, ana zubarwa ana sakewa, a goge bangon, kafin a sa ruwan kiwo. Kwamin roba ko na tamfol shi ma a wanke shi sosai, ba da sabulu ba.

Ruwan pampo yana ɗauke da kulorin, maganin da ke kare mu daga ciwon ciki amma yake kashe kifi. A tara shi a buɗe ya kwana ɗaya ko biyu. Ruwan rijiyar burtsatse kuwa yakan fito da ƙarancin iska, don haka a bar shi ya riƙa faɗowa daga sama yana fantsama, ya huta kafin a saka kifi.

Ƙasar Gure tana da tata matsalar. Kwarurrukan yankin, inda ake noman dabino, da dama cikinsu akwai kanwa da gishiri, kuma ruwan rijiyoyi biyu da ke kusa da juna na iya bambanta ƙwarai. Ana auna kaifin ruwa da ma'aunin da ake kira pH, da ƴar takarda mai sauya launi. Tarwaɗa da karfasa sun fi jin daɗi tsakanin 6,5 da 8,5. Ruwan kanwa kan zarce 9. Haɗarin bai tsaya nan ba: kifi na fitar da sinadarin amoniya cikin ruwa, ruɓaɓɓen abinci ma haka, kuma dafin amoniya yana ƙaruwa idan ruwa ya yi kanwa ya kuma yi zafi. Ƙazantar da kifi zai jure a wani ruwa, a ruwan kanwa cikin watan Afrilu ko Mayu tana iya gamawa da shi. Wanda bai samu takardar awo ba, ya fara gwada ruwan da kifi 5 ko 10 na tsawon mako guda kafin ya kawo sauran.

A kan hanya

Daga Damagaram zuwa Gure ya haura kilomita 150, wanda ya ɗauko daga Maraɗi ko Kano kuwa tafiyar yini ce. A roƙi mai sayarwa ya hana kifin abinci na awa 24 kafin tashi, don kada su ɓata ruwan tafiya. A kama hanya da asuba ko da dare, a rufe mazubin da jiƙaƙƙen buhu. Tarwaɗa tana hawowa sama ta shaƙi iska, saboda haka a jarkar da aka yanke wa baki ake ɗaukar ta, ba a cika ta taf, ba a toshe ta. Karfasa ba ta da wannan baiwa, ita sai leda mai iskar oksijin.

Ranar sauka

Kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar mutum ko akuya, yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Bambancin digiri 2 ko 3 a lokaci guda yana gigita ƙanana, wanda ya fi haka yana iya kashe su. A ɗora ledar, ba a kwance ba, a kan ruwan kwami na minti 20 zuwa 30. Sannan a buɗe, a riƙa ƙara mata ruwan kwamin kofi-kofi duk bayan minti 5, har ruwan ciki ya ninka. Jarka ma haka ake yi mata. Daga nan a kwashe kifin da ƴar koma mai laushi a sake su, a zubar da ruwan tafiyar a waje. Wannan aiki na sassafe ne ko bayan la'asar. Kada a ba su abinci a ranar, washegari a fara da kaɗan.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Tarwaɗa da karfasa sun fi girma tsakanin digiri 26 da 30. A ɗarin Disamba da Janairu suna rage cin abinci, cuta kuma ta fi kama su. Wanda bai da yadda zai rufe kwami da dare, gara ya jira ɗari ya wuce.

Baƙo da ƴan gida

Idan akwai tsofaffin kifi a kwami, ba a haɗa su da sabbi kai tsaye. A ware baƙin a wani mazubi na mako 2 zuwa 4, da bokitinsu da komarsu dabam. A duba ko akwai fararen ɗigo-ɗigo a jiki, gyambo, goga jiki a bango, ko rataya a saman ruwa. Kifi ɗaya mai cuta ya isa ya shafa wa kwami gaba ɗaya. Ana wa kifi wankan gishiri, amma gishirin miya ne ba kanwa ba, kuma a tambayi masani adadin da ya dace.

A kula da girma. Tarwaɗa na cin ƴar uwarta, babba kan haɗiye ƙarama. Mai kiwo ya ga adadi na raguwa ba gawa ko ɗaya, ya soma zargin yaran unguwa. A haɗa masu girma ɗaya kawai, a riƙa tace su duk mako biyu a watannin farko. Kuma kada a cika kwami da kifi tun ranar farko: yawan kifi yawan ƙazanta ne, wanda ke nufin yawan sauya ruwa, a garin da ruwa ke da daraja.

Saura batun tafki. Wani kan ɗauki ragowar kifinsa ya juye a tafkin gari da niyyar alheri. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka. Zuwa shekarun 1980 ta mamaye tafkin, nau'o'in ƙananan kifi da ake ƙiyasta sun kai 200 suka ɓace. Zuba kifi a tafkunan jama'a aiki ne da ake yi tare da ma'aikatan muhalli da gandun daji, kuma ofishinsu ne wurin da ya kamata sabon mai kiwo ya fara zuwa neman shawara tun bai sayi buhun siminti ba.

Idan aka lissafa, abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: mako biyu na jiƙa kwami, kwana biyu na hutar da ruwa, awa ɗaya a bakin kwami ranar sauka, da ƴan makonni na ware baƙo. Tarwaɗar da ta tsallake waɗannan matakai, in ta samu abinci mai kyau da ruwa mai tsabta, cikin wata 5 ko 6 ta isa kasuwa.