Ramukan Kuza Da Aka Bar Mana A Filato

A wannan mako ba zancen girki ko renon jariri na zo muku da shi ba, ko da yake in kun bi ni a hankali za ku ga duk wuri guda suka dosa. Zancen haƙar ma'adinai ne, watau aikin nan da muke ɗauka na maza ne da manyan injuna, mu ba ruwanmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata yarinya 'yar ajina, a makarantar firamare da nake koyarwa kusa da Bukuru. Ran wata Litinin na kira suna ba ta amsa ba. Na sake kira, sai yara suka sunkuyar da kai. Ashe ran Asabar uwarta ta aike ta wanki wani kududdufi da ke bayan unguwarsu, zane ya suɓuce mata, ta miƙa hannu za ta kamo shi. Sai washegari aka samo ta. Shekarunta goma sha ɗaya. Da na je gaisuwa uwar ba ta iya cewa kome ba sai, "Malama, ni na aike ta." Na ce mata ta bar faɗin haka. Amma da na koma gida na yi ta tunani, in ba ita ke da laifi ba, to, wa ya haƙa wannan rami ya tafi ya bar shi?

Wadda ba ta taɓa zuwa ƙasar Jos ba, bari in kwatanta mata. In kika bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi za ki ga tuddai na jar ƙasa tsirara, ba ciyawar kirki a kansu, kusa da kowane kuwa ga ruwa kwance, kore shar, gwanin sha'awa. Baƙo sai ya ce tabki ne na Allah. Alhali kuwa ramukan kuza ne, kuma sun fi dubu a Jihar Filato. Bambancinsu da rafi shi ne, rafi kina shiga yana ƙara zurfi kaɗan kaɗan, shi kuwa wannan gefensa a miƙe yake kamar rijiya. Taki ɗaya ruwa na idon sawu, taki na biyu ya shanye mutum. Ga sanyi kamar ƙanƙara, ga laka a ƙasa mai riƙe ƙafa. Ko gwanin iyo tsoronsa yake ji.

Kuza dai ba Turawa suka gano mana ita ba. Tun kafin zuwansu mutanen Liruwai suna wanke ta a rafi, su narke, fatake su kai kasuwanni. Wajen 1904 ne kamfanonin Ingila suka kafa sansani a Naraguta, aiki ya koma na babban jari. Domin kuza aka ja ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta iso Jos da Bukuru a 1914, aka kuma kawo babbar daga Kafanchan a 1927. Domin ita aka tare ruwa a Kurra aka samar da lantarki, tun yawancin biranenmu na kwana da fitilar aci-bal-bal. Ita kuzar a Ingila ake narkewa a shafe gwangwani da ita don kada ya yi tsatsa. Ke nan gwangwanin madara da na tumatir da kakanninmu suka saya a kanti, mai yiwuwa ne ƙasar bayan gidansu ce ta komo musu.

Yadda kamfanonin ke aiki shi ne asalin ramukan. Kuzar tana kwance ne a hanyoyin tsofaffin rafuka da ƙasa ta binne. Sai a yaye ƙasar sama duka, wadda manomi ke shuka a kanta, a tara gefe guda. Da fari da diga da shebur da kwanon sarki ake yi. Daga baya aka kawo injunan tono masu dogon wuya, da bututu mai feshin ruwa da ƙarfi yana rushe gaɓa. A wanke, a tsince baƙin yashin nan mai nauyi, saura a zubar. In kuza ta ƙare a nan, a tattara a ƙara gaba. Damina ta zo ta cika ramin. Birom, masu ƙasar, su suka yi asarar gonaki mafi yawa, kuma diyyar da aka ba su ba ta kai ta kawo ba.

Kakata, Allah ya ji ƙanta, ta ɗauki kwanon sarki a bariki tun tana budurwa. Takan nuna mana tsakiyar kanta inda gashi bai sake tsirowa ba. Ta ce tun asuba suke jerin gwano daga gindin rami zuwa sama, ana biyansu bisa yawan kwanon da suka kai, mai goyo da goyonta. Ubanta kuwa ba da son ransa ya zo Jos ba. A 1942, da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya inda Ingila ke samun yawancin kuzarta, sai gwamnatin mulkin mallaka ta sa sarakuna su tara mata ƙarti daga lardunan Arewa. Shi ne abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, an yi shi har 1944. Aka kwaso dubun dubatar mutane daga ƙasashe masu zafi, aka zuba su a bukkoki cikin hunturun Jos, ba bargo, ba isasshen abinci. Da yawa ciwon haƙarƙari da sauran cututtuka suka kashe su. A 1943 kuzar da aka fitar ta wuce tan 15,000, ba a taɓa kai haka ba. In ana ba da tarihin wannan shekara adadin tan ake faɗi, ban taɓa jin an ƙidaya matan da suka yi takaba a ƙauyukan Sakkwato da Katsina da Barno ba.

Kada a ce na ƙi faɗin alheri. Kuza ce ta gina Jos, ta tara Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Birom a kasuwa guda. Bayan yaƙi kuma aka yi kakar kwalambait, wani ma'adini da a da ake zubarwa cikin shara, Amurka ta shiga saye da tsada, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Yau ma da ruwan ramukan nan ake noman rani, kabeji da karas da latas da dankalin Turawa da ake lodi zuwa Kudu. Amma kasuwa ba ta da amana. Kuzar sama-sama ta ƙare, farashi kuma ya faɗi warwas a Landan a 1985, manyan kamfanoni suka rufe. Tun 1946 akwai doka mai cewa wanda ya haƙa ya gyara ƙasa. An cike kaɗan, an dasa itacen turare a kai, saura kuwa ga su nan.

Da kamfani ya tafi, aiki ya koma hannun talaka. Maza su haƙa rami ƙunci kamar rijiya, wanda ake kira loto, mata su ja ƙasa, su wanke, su shanya. Lokaci lokaci sai ka ji loto ya rufta da mutane. Akwai kuma abin da nake so kowace uwa ta riƙe. Yashin da ya rage bayan an fitar da kuza, musamman wanda ake tarawa a wuraren tacewa, yana ɗauke da waɗansu ma'adinai masu fitar da tururin da ido ba ya gani, wanda kan cuci jiki in an daɗe tare da shi. Don laushinsa da kyaunsa sai a ɗebo a yi shafen ɗaki. Kada a yi. Kada a soya gyaɗa da shi, kada a bar yara su yi wasan ƙasa a kai. Wadda take ganin wasa ne ta tuna Zamfara a 2010, inda aka riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400.

Na yi wannan dogon bayani ne domin abin bai tsaya a Filato ba. Akwai tama a Itakpe ta Jihar Kogi, ana haƙar kwal a Maiganga ta Jihar Gombe, ga kuma lithiyam, na batirin waya, da ake rububinsa a Nasarawa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce kafin kamfani ya fara aiki sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin, kuma shi zai gyara ƙasa in ya gama. To, ran da za a zauna wannan zama, wa ake kira? Dagaci da dattawa da shugaban samari. Su kuwa abin da ke ransu diyyar gona da ɗaukar aiki, kuma ba laifi. Amma ba su ke ɗibar ruwa ba. Mace ce za ta tuna ta tambaya: rijiyarmu za ta ƙafe? Ina za a zubar da ruwan wankin? Nisan rami da makaranta nawa ne? Wa zai cike shi, a wace shekara, kuɗin kuma yana hannun wa? In al'ada ba ta bari ki shiga zauren ba, ki sa maigida ya tafi da tambayoyin, ko ƙungiyarku ta mata ta rubuta takarda, malamar makarantar garinku za ta taimaka.

Mu a nan, a taron iyaye da malamai da aka yi bayan rasuwar yarinyar, mata suka fi yawa, abin da ban taɓa gani ba. Mun rubuta wa ƙaramar hukuma muna roƙon rijiyar burtsatse da wurin wanki a cikin unguwa, da waya a kewaye gefen ramin da ke kallon gidaje. Kafin amsa ta zo mun yi yarjejeniya, ba yarinyar da za ta je kududdufi sai da babba, kuma da guga mai igiya za a ɗebo ruwa a koma nesa a yi wankin. Uwar yarinyar ce ta fara kawo nata gugan.