Sabo Ake Wa Kuka: Kakanni, Jikoki da Mutuwar Dabbar Gida

Gabatarwa

A makarantar tauhidi muna koyon yadda ake gudanar da jana'iza, da yadda ake ta'aziyya ga matar da ta rasa miji ko iyayen da suka binne ɗa. Akwai kuwa wani baƙin ciki da ba safai ake ambatonsa a aji ba, ko da yake duk mai bishara da ya zauna a ƙauye zai gamu da shi, wato kukan yaro ko tsoho a kan dabbar da ya saba da ita. Manya sukan yi dariya su ce ai dabba ce. Amma sau da yawa a nan ne yaro yake fara karo da mutuwa, a nan ne kuma yake fara tambaya ko Allah ya kula. Amsar da ya samu a ranar takan bi shi shekaru masu yawa. A wannan darasi za mu duba abin da Nassi ya faɗa, da inda ya yi shiru, da dalilin da ya sa kakanni su ne abokan aikinmu na farko a wannan hidima.

1. Matsayin dabba a gidan manomi

Bari mu ɗauki Indabo da ƙauyukan kewayenta, a Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano, su zama misalinmu. Mutanen yankin manoma ne, kuma da wuya ka shiga gida ba ka tarar da akuya a turke ko kaji a tsakar gida ba. Dabba ita ce asusun talaka. In kuɗin makaranta ya taso, ko taki, ko magani, sai a kwance ta a kai kasuwar Wudil ranar Juma'a, inda karar shanu da ta awaki suka yi suna a Arewa.

Sai dai wanda ya mallaki dabba daban, wanda ya saba da ita daban. Kaka takan ba jikarta 'yar akuya ta ce ta kiwata. Yarinyar ce za ta riƙa ba ta dusa da harawa, ita za ta yi mata ciyawa da damina, har akuyar ta gane muryarta. Haka nan tsohon da ya shekara goma yana kai taki gona da jaki ɗaya, ko gwauruwar da 'ya'yanta suka koma Kano da Kaduna, ba mai kwana ɗakinta sai kyanwa.

Rabuwar takan zo ta hanyoyi da dama. Akwai cuta, kamar annobar awaki da tumaki da likitocin dabbobi suke kira PPR, ko cutar da ke share kaji da hunturu. Akwai sata, akwai sayarwa, akwai kuma yanka cikin gaggawa don kada dabba ta zama mushe. A wannan na ƙarshe yaro yakan ga abokiyar wasansa da safe, da dare ya tarar da ita a miya.

Hausawa suna da karin magana biyu a kan wannan, dukansu kuwa gaskiya ne. Sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Sun kuma ce sabo ake wa kuka, ba mutuwa ba. Mai gida yana riƙe da na farko, yaro yana cikin na biyu. Aikin mai hidima shi ne ya ba kowanne wurinsa. Wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya yi rubutu a 1989 a kan baƙin cikin da jama'a ba su ba mutum izinin nunawa ba. Irin wannan baƙin ciki ba ya samun zaman makoki ko masu gaisuwa, saboda haka yakan koma ciki ya daɗe.

2. Abin da Nassi ya koya

Littafi Mai Tsarki bai raina ƙaunar mutum ga dabba ba. A 2 Sama'ila 12:1-6 annabi Natan ya ba Dawuda labarin matalaucin da ba shi da komai sai 'yar tunkiya ɗaya, wadda ta girma tare da 'ya'yansa, tana ci tana sha tare da shi, ya ɗauke ta kamar ɗiyarsa. Mu lura, misalin ya yi aiki ne domin Dawuda, wanda ya yi kiwo da ƙuruciya, ya san irin wannan sabo. Da abin dariya ne, da bai husata ba.

Shari'ar Musa ta sa sa da jaki cikin masu hutun Asabar (Fitowa 23:12), ta kuma hana a ɗaure bakin sa sa'ad da yake sussuka (Maimaitawar Shari'a 25:4). Karin Magana 12:10 ta mai da kula da dabba alamar adalci. Bayan ruwan tsufana, alkawarin da Allah ya yi da Nuhu ya haɗa da kowane mai rai da ya fito daga jirgi (Farawa 9:8-17). Littafin Yunusa ya ƙare da tausayin Allah ga mutanen Nineba fiye da 120,000, tare da dabbobinsu masu yawa. Yesu kuma ya koyar cewa ko gwara, mafi arha a kasuwa, ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba (Matiyu 10:29-31).

Amma a wannan wurin Yesu ya ce mutum ya fi gwara daraja nesa. Mutum kaɗai aka yi cikin siffar Allah (Farawa 1:26-27), an kuma ba shi nama ya ci (Farawa 9:3). Saboda haka uban da ya sayar da akuya don ya biya kuɗin makaranta bai yi zunubi ba, yarinyar da ta yi kuka ita ma ba ta yi wauta ba.

3. "Zan sake ganinta?"

Wannan ita ce tambayar da yara suke yi, a nan ne kuma ya kamata mu yi hattara da bakinmu. Nassi ya yi alkawarin tashin matattu ga mutane. Bai faɗa a fili ba ko wata dabba da aka sani za ta sake rayuwa. Mai Hadishi 3:19-21 ya bar zancen a matsayin tambaya. Romawa 8:19-23 ta nuna dukan halitta tana nishi, tana jiran 'yanci daga ruɓa, Ishaya 11:6-9 kuma ya kwatanta mulkin Almasihu da dabbobi a ciki, masu zama lafiya da juna.

Malaman ikilisiya sun bambanta. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa ran dabba yana ƙarewa da mutuwarta. John Wesley, a wa'azin da ya rubuta a 1781 a kan Romawa 8, ya sa rai za a 'yantar da dabbobi a sabuwar halitta. C. S. Lewis ya tattauna wahalar dabbobi a littafinsa na 1940 a kan matsalar azaba, ya kuma yarda cewa abin da ya faɗa zato ne. Tun da manyan malamai ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba, kada mu rantse wa yaro cewa akuyarsa tana sama, kada kuma mu rufe masa ƙofa da tsawa. Abin da muke da tabbacinsa ya isa: Allah ne ya yi ta, ya san ranar da ta faɗi, shi mai alheri ne, zai kuma share hawaye ya sabunta komai (Wahayin Yahaya 21:4-5).

4. Dalilin da ya sa kakanni suka dace

Fasto ba ya nan sa'ad da dabba ta mutu. Kaka tana nan. Al'adarmu kuma ta buɗe mata ƙofar da ta rufe wa iyaye. Uwa tana kunyar ɗan fari, a gidaje da yawa ko sunansa ba ta faɗa, uba kuwa shi ne mai horo. Amma tsakanin kaka da jika sai wasa. Kaka mace tana kiran jikanta miji, jikarta kuma kishiya, kaka namiji yana tsokanar jikarsa da amarya. Wurinta ake kai yaro yaye, a ɗakinta ake tatsuniya. Yaron da zai haɗiye kuka a gaban ubansa zai sake shi a cinyar kakarsa. Ban da haka, tsoho ya binne iyaye da abokai, wani ma ya binne 'ya'ya. Ya san mutuwa, ya kuma san yadda Allah ya riƙe shi bayanta.

Nassi ya ɗaura wa kakanni wannan aiki. Maimaitawar Shari'a 4:9 ta umarci Isra'ila su sanar da 'ya'ya da jikoki abin da idonsu ya gani. Bulus ya bi sawun bangaskiyar Timoti har zuwa kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki (2 Timoti 1:5).

Mu kuma lura cewa farin cikin jikoki a Nassi yakan zo ne bayan hasara. Na'omi ta binne miji da 'ya'ya biyu a Mowab, ta komo Baitalami hannu wofi. A Rut 4:13-17 sai ga ta rungume da Obida, matan gari suna lasafta shi ɗanta, shi ne kuwa kakan Dawuda. Yakubu ya yi shekaru yana makokin Yusufu, a ƙarshe ya ɗora hannu a kan Ifraimu da Manassa (Farawa 48). Karin Magana 17:6 ta kwatanta jikoki da rawanin tsofaffi. Wannan murna tana da nauyi domin masu ita sun san zafin rashi. Shi ya sa ta'aziyyar takan bi hanya biyu: kaka tana share hawayen jika, jika kuma yana cika ɗakin kaka sa'ad da jakinta ko kyanwarta suka mutu.

A ce akuyar yarinya ta mutu. Kakar da aka shirya za ta iya cewa, "Kishiya, zo zauna nan. Yi kukanki, ni ma na saba da ita. Allah da ya ba mu ita ya ga yadda kika kula da ita." In yarinyar ta ce, "Kaka, ina ta tafi?" sai ta amsa, "Ta mutu, ba za ta dawo gidan nan ba. Abin da Allah zai yi da dabbobi a sabuwar duniya, shi ya bar wa kansa sani. Amma na san shi tun ina kamarki, bai taɓa yashe ni ba."

5. Abin da mai hidima zai yi

Na ɗaya, mu yi gaisuwa. In mun ji jakin wani dattijo ya mutu, mu tsaya mu ce, "Baba, ashe abin da ya faru ke nan. Sannu, Allah ya mayar da alheri." Mu kuma bincika ko akwai mai ɗauko masa ruwa da kai masa kaya gona, domin hasarar ta taɓa zuciya ta kuma taɓa abinci. Wannan aikin dattawan ikilisiya da matasa ne.

Na biyu, mu koya wa iyaye su faɗi gaskiya. Kada a ce wa yaro dabbar ta ɓata alhali an sayar ko an yanka, gama ranar da ya gane, zai yi shakkar sauran abin da aka koya masa. In za a kai ta kasuwa ranar Juma'a, a faɗa masa tun da wuri, a kuma gaya masa abin da za a yi da kuɗin. In an yanka, kada a tilasta masa cin naman. Mafi muhimmanci, kada kowa ya ce Allah ya kashe ta ne domin yaron ba ya jin magana.

Na uku, mu tsare iyaka. Ba a yi wa dabba sujadar jana'iza, ba a kuma yin addu'a domin ranta. Yin haka zai rikita masu bi, ya kuma ba maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa a yankin, gurguwar fahimta game da bangaskiyarmu. Addu'ar godiya a gida, da roƙon ta'aziyya ga mai kuka, ta wadatar.

Na huɗu, mu haɗa tausayi da rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana yin allurar rigakafin PPR. Mu ƙarfafa jama'a su nemi malaman dabbobi, su yi wa karnuka allurar haukan kare, su binne dabbar da ta mutu da cuta cikin rami mai zurfi, kada yara su taɓa ta.

Na biyar, mu shirya kakanni. A zumuntar mata da ta maza a keɓe lokaci a yi nazarin nassosin nan tare da su. Wasu yaran ikilisiya kakanninsu ba masu bi ba ne. Mu girmama su, kada mu raba su da jikokinsu. Wasu tsofaffi kuma ba su da jika kusa. Titus 2:1-5 ta ba tsofaffin ikilisiya aikin koyarwa, saboda haka Makarantar Lahadi za ta iya kai yara gaishe su, kowa ya sami abin da ya rasa.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka bari ya yi kukan akuyarsa, aka faɗa masa gaskiya, aka nuna masa Allah mai kula da gwara, ya fara koyon yadda mai bi yake baƙin ciki da bege (1 Tasalonikawa 4:13). Zai buƙaci wannan darasi ranar da za a binne kakar da ta koya masa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me 2 Sama'ila 12:1-6 ta nuna game da sabon mutum da dabba, yaya kuma Matiyu 10:31 ta sa masa iyaka?
2. Yarinya 'yar shekara 7 ta tambaye ka ko za ta ga kyanwarta a sama. Rubuta amsarka cikin jimloli uku.
3. Uba ya sayar da ragon ɗansa a ɓoye don ya sayi taki, yaron ya daina magana da shi. Yaya za ka yi da uban, da yaron, da kakarsa?
4. Su wane ne tsofaffin ikilisiyarku da suke zaune su kaɗai, wa kuma yake ziyartarsu?