Kafin Ka Kwance Kafireta

Tsohuwar Peugeot 504 ba ta gama yayinta ba a arewacin Jamhuriyar Benin. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya ci gaba da harhaɗa ta shekaru da dama bayan Turai ta daina, shi ya sa kayan gyaranta ba su ɓace daga kasuwa ba. A hanyar Parakou zuwa Djougou, tafiyar sama da kilomita 130, har yanzu akan gamu da akori-kurarta ta sha lodin doya da masara. Amma idan ta ƙi tashi da safe, a unguwar Ganou ne ko ta Zongo a Parakou, sai ka tarar mai ita ya ɗaga bonet ya auka wa kafireta da sukudireba. Galibi daga nan ɓarna ke farawa, domin sau da yawa ciwon ba na mai ba ne, na wuta ne.

Da ka murɗa makulli, saurara: injin yana juyawa ko ba ya juyawa? Amsar ce ke nuna inda za ka dosa.

Idan ba ya juyawa, ka bar fulogi da kafireta su huta, ba ruwansu. Kunna fitilun gaba, ka sake murɗawa. In hasken ya dushe kamar zai mutu, batir ya yi sanyi, ko kuma kawunansa sun yi farin gishirin nan da ke tare wuta. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba yayin da sitata ke jan inji. In fitila na nan tar, ƙas ɗaya kawai ka ji, laifin yana jikin sitata. Direbobi kan ƙwanƙwasa ta da sifana ta kama. Dabara ce ta kai ka gida, amma abin da take shaida maka shi ne burushin ciki ya cinye. Akwai kuma wayar da ake yawan mantawa, wadda ta haɗa batir da jikin mota da inji. Idan ta yi tsatsa ko ta saki, sabon batir ma sai ya zama kamar matacce, mutum ya yi asarar kuɗinsa a banza. Motar da ta tashi da turi a giya ta biyu kuwa ta riga ta wanke wutar fulogi da mai daga zargi. Sai a duba caji: inji na aiki, ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne idan inji na juyawa garau amma ya ƙi kamawa. Koyil ne ke ɗaga bolt 12 na batir zuwa dubbai masu yawa, kuma ba ya yin haka sai a daidai lokacin da kwantak ya buɗe a cikin distributa, wadda makanikan Parakou ke ce wa delko. Daga nan rota ta raba wutar ga fulogai huɗu bi da bi. Saboda haka gwaji ɗaya ya isa ya raba gardama. Zare wayar tsakiya daga murfin distributa, riƙe ta da filaya mai roba kusa da ƙarfen inji, nesa da inda mai ke ɗiga, wani ya murɗa makulli. Shuɗin tartsatsi mai ƙara na nufin koyil da kwantak lafiya suke, sai ka koma kan rota, murfi da wayoyin fulogi. Idan tartsatsin ja ne mai rauni, ko babu shi sam, buɗe distributa.

Kwantak ɗan ƙaramin abu ne mai arha, amma ya fi komai kwantar da 504. Tazarar bakinsa milimita 0.4 ce. 'Yar dunduniyar da ke gogar sandar distributa na cinyewa a hankali, ƙurar hunturu na ƙara mata sauri, har baki ya daina buɗewa. In ka ga bakin ya ƙone ya yi ramuka, kondensa ake tuhuma, kuma gara a canza su tare. Masu barin makulli a kunne inji a kashe don sauraron rediyo, su ma suna gasa kwantak da koyil ba su sani ba. Duk wanda ya taɓa tazarar nan kuma dole ya sake saita tayimin, domin ɗaya na motsa ɗaya.

Yanayi ma yana ba da labari. Motar da ke tashi lafiya da safe, ta mutu a tsakiyar hanya bayan ta yi zafi, ta kuma tashi da ta huce, a fara zargin koyil ko kondensa. Jiƙaƙƙen tsumman da ake naɗa wa koyil ba magani ba ne. Wadda ke gardama da damina bayan ta kwana a waje kuwa, laima ce a cikin murfin distributa, musamman in ya tsage. A goge da busasshen ƙyalle a gani. Wanda ya cire wayoyin fulogi gaba ɗaya ya tuna jerin 1-3-4-2, ya kuma sani cewa a injin nan silinda ta ɗaya tana baya, wajen giya. Yaran gareji da suka saba da motocin Japan kan jera su a juye, mota ta yi ta harbi.

Sai an tabbatar da wuta sannan a waiwayi mai. Kwance fulogi ɗaya. In ya jiƙe yana warin fetur, mai ya yi yawa: mayar da cok, taka totur har ƙasa, ka ja sitata na 'yan daƙiƙoƙi. In a bushe yake, mai ba ya isowa, sai a bi tiyo daga tanki zuwa filta, zuwa famfo. Fetur ɗin kwalba na bakin titi, wanda ake kira kpayo, ba duka ne gurɓatacce ba, amma ba ka da tabbacin jarkar da ya kwana a ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, yakan kwanta a gindin tanki da kwanon kafireta, shi ne kuma farkon abin da inji zai zuƙa da safe. Tsiyaye kwanon da sa sabuwar filta sun wadatar, ba sai an jagula sukurorin saiti ba.

Masu 504 mai shan dizal, zancen tartsatsi bai shafe su ba. Nasu abin dubawa shi ne hitocin ɗumama silinda, musamman da sanyin Disamba da Janairu, da kuma iskar da ke shiga layin mai idan an bar tanki ya ƙafe.