Waken Turawa: shukar da ke gyara gona

Ba kowane manomi ba ne a Nijar ya san waken Turawa, wanda wasu ke kira waken Masar, Faransawa kuma suke ce masa pois d'Angole. Duk da sunansa, asalinsa ƙasar Indiya ne, kuma har yau ita ce ta fi kowa noma shi da cin sa, har tana sayo ƙari daga Mozambik, Tanzaniya da Malawi.

Wannan wake ba ya yaɗo kamar wakenmu na gida. A tsaye yake girma kamar ƙaramin itace, tsawonsa yakan kai mita 1 zuwa 4, saiwarsa kuma takan nutsa kusan mita 2 cikin ƙasa, shi ya sa yake jure fari. Babban amfaninsa yana cikin saiwar nan. Kamar sauran dangin wake, tana tara sinadarin azot a gona. Ban da haka, a 1990 masu bincike a cibiyar ICRISAT ta Indiya, wadda ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, sun nuna cewa tana fitar da wani ruwa mai narkar da fosfor ɗin da ƙarfe ya riƙe a ƙasa. Ƙarancin fosfor kuwa yana cikin manyan matsalolin gonakinmu.

Ana shuka shi da farkon damana, jeri-jeri tsakanin hatsi ko dawa. Ya fi son ruwan sama na milimita 600 zuwa 1000, wato yankuna irin su Gaya. Cikin manyan maƙiyansa akwai tsutsar da ke huda kwanso, da kuma dabbobi. Irin da ke daɗewa yakan yi wata 6 zuwa 9, ke nan yana gona lokacin da ake sakin bisashe bayan girbi. Wanda ba shi da shinge, gara ya nemi irin da ke nuna cikin wata 3 zuwa 4.

Wajen girki, ya fi wakenmu wuyar dahuwa, sai an jiƙa shi ya kwana. Ana dafa shi da shinkafa, Indiyawa kuwa suna ɓare shi su yi miyar da suke kira dal. Ganyensa abincin dabbobi ne, karansa kuma itacen girki.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai gona a kudu, da ke kukan tsadar takin zamani, yana iya gwada jeri kaɗan a damana mai zuwa, ya ga yadda ƙasarsa za ta karɓe shi.