Hoton fasfo: kowace ƙasa da ma'auninta, ɗan Kurfai da nisan hanya

Duk mutumin Kurfai da ya ƙudurta fita waje da fasfo, ko aikin hajji zai je, ko karatu, ko fatauci, sai ya bi ta Yamai. Daga Filinge, babban garin Kurfai, tafiyar kilomita wajen 180 ce, a ratsa Bonkuku da Baleyara da Hamdallay, ana tsayawa a shingayen jami'an tsaro ana nuna kartidantite. A cikin jakarsa akwai takardar haihuwa, ko ta alƙali da ke maye gurbinta ga wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da wata ƴar ambulan mai ɗauke da hotuna huɗu ko takwas. Hotunan nan su ne mafi arha a cikin kayan duka, amma sau da yawa saboda su ne ma'aikaci ke turo wa mutum takardunsa ta taga, ya ce ya je ya sake.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne babu wani hoton fasfo guda ɗaya da duniya duka ta yarda da shi. Wanda ofishin jakadancin wata ƙasa ya karɓa da safe, na wata ƙasar zai iya ƙin sa da hantsi, alhali fuskar ɗaya ce, mai hoton ma ɗaya ne.

Kakannin Kurfayawa ba su san wannan wahala ba. Ƙasar ta daɗe da sanin ci-rani. Tun zamanin mulkin mallaka samarin kwarin Dallol Boso ke gangarawa kurmi bayan girbi, su kai Kumasi da Ankara, su dawo da tufafi da kuɗin haraji, kuma Bafaranshen nan Jean Rouch ya bi sawun irin waɗannan matafiya na yammacin Nijar a shekarun 1950. Maniyyatan da suka tafi Makka a ƙafa ta Cadi da Sudan ma, abin da ke gabatar da su a zango shi ne harshensu, da sunan garinsu, da askar da ke fuskarsu. Mai masauki a Kumasi yana duban kumatun baƙo ya san daga inda ya fito.

A Turai ma hoto bai shiga fasfo ba sai da yaƙi ya tilasta. A watan Agustan 1914 wani ɗan leƙen asirin Jamus mai suna Carl Hans Lody ya shiga Birtaniya da fasfon wani Ba'amurke, Charles Inglis. Fasfon ba shi da hoto, don haka ba wanda ya tare shi a bakin shiga. An kama shi daga baya, aka harbe shi a Landan ranar 6 ga Nuwamba na shekarar. Kafin shekarar ta ƙare Amurka ta wajabta liƙa hoto, Birtaniya ta biyo baya a 1915. Amma a lokacin ba a damu da siffarsa ba: wani ya kawo wanda ya ɗauka da hula a ka, wani ya kawo na iyalinsa duka. A 1920 taron da Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ta kira a Paris ya tsayar da fasfo a siffar ɗan littafin da aka sani yau.

Yanzu mai tsara ƙa'idar ita ce Hukumar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda ke da mazauni a Montreal ta Kanada. Kundinta mai lamba 9303 shi ya ce fuska ta kalli kyamara sosai, idanu a buɗe, baki a rufe, ba inuwa, ba karkata kai. Dalilin a fili yake: ba mutum kaɗai ke duban hoton ba, na'ura ma tana dubawa. Tun da Malesiya ta fara fitar da fasfo mai ƙwaƙwalwar lantarki a 1998, ƙasashe suka yi ta bin sahu, har hoton ya zama abin da kwamfuta ke aunawa, tana lissafa tazarar idanu da tsayin hanci da faɗin haɓa. Dariya tana sauya waɗannan ma'aunai, shi ya sa ake cewa a ɗaure fuska. Sai dai ICAO ta bar wa kowace ƙasa sarari ta ƙara nata sharuɗɗan, kuma a nan ne rikicin ya samo asali.

A ɗauki girman takardar kawai. Faransa da yawancin ƙasashen Shengen da Birtaniya suna son milimita 35 a faɗi, 45 a tsayi. Amurka murabba'i take so, inci 2 kowane gefe, wato milimita 51. Fasfon Kanada na neman 50 da 70, har da sunan shagon hoton da ranar ɗauka a bayansa. Bizar Sin kuwa 33 da 48. Ko waɗanda suka yi tarayya a girman takarda sun saɓa a girman kai: Faransa ta ce daga haɓa zuwa ƙoƙon kai ya zama milimita 32 zuwa 36, Birtaniya ta ce 29 zuwa 34. Tazarar da ake magana a kanta ba ta wuce ƙwayar gero biyu ba, amma ta isa a mayar da takardun mutum.

Sai bangon da ke bayan mutum, wanda shi ya fi shafar mutanen wannan yanki. Mai hoton gari ko na kasuwa, mai foto-minit kamar yadda ake kiransa, kayan aikinsa sanannu ne: ƙyalle a rataye jikin bango, kujera ɗaya, kyamara ko wayar hannu, da ƴar na'urar wanke hoto da ke jiran wuta. Da can jan ƙyalle ko shuɗi ake ratayawa, don hoton ya yi armashi. Yau Amurka da Sin da Saudiyya farin bango suke nema. Birtaniya ta fi son ruwan toka mai haske ko ruwan madara. Faransa kuma ta hana fari ƙarara a hoton takardunta, ta ce shuɗi mai haske ko ruwan toka. Mai hoton da ke da ƙyalle ɗaya tak ba zai iya gamsar da su duka ba.

Farin bango yana da wata illa da ba a cika faɗi ba. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya ne. Idan ta ga fari ya cika wuri, sai ta rage hasken da take sha, fuskar baƙin mutum ta dushe, idanu da hanci su nutse cikin duhu. In kuma mai hoton ya kunna filasha kai tsaye, goshi da kumatu su yi ƙyalli, musamman a bazara lokacin da gumi ke tsatsafowa. Dukan biyun abin ƙi ne a wurin na'ura. Ƙwararren mai hoto ya san maganin abin: ya zaunar da mutum a inuwa yana fuskantar haske, ya janye kujerar daga jikin bango don kada inuwar kai ta faɗa a baya, ya miƙa masa tsumma ya share fuska, sannan ya auna hasken a kan fatar mutum. Ba kuɗi aikin ke ci ba, sani yake buƙata. Wanda bai sani ba kuma sai ya koma kwamfuta ya goge bango, ya ƙara wa fuska fari, ya shafe tabo. Wannan gyaran shi kansa ƙasashe da yawa sun hana shi, kuma wanda aka shafe wa askarsa don a kyautata masa an cuce shi, domin alamar da ta fi rarrabe shi da kowa ce aka cire.

Laifin ba na masu hoto kaɗai ba ne, su ma na'urorin suna da nasu. A Disamban 2019 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada manhajojin gane fuska 189, ta tarar da yawansu sun fi yin kuskuren ɗaukar mutum a matsayin wani idan fuskar ta ƴan Afirka ta Yamma ko ta Gabas ce, wasu har ninki 10 zuwa 100 a kan ta Turawan Gabashin Turai. A 2020 binciken BBC ya nuna cewa manhajar tantance hoton fasfo ta Birtaniya ta ƙi hotunan mata masu duhun fata kashi 22 cikin ɗari, na maza farare kuwa kashi 9. Ke nan ɗan Afirka yana shiga wannan tantancewa ne da nauyin da waninsa bai ɗauka ba, kuma bai kamata a bar shi ya ƙara da mummunan hoto a kai ba.

Batun rufe kai ya fi kowanne zafi. A kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi, ko a Bonkuku da Abala, dattijon Buzu ba ya sauke amawalinsa a gaban jama'a, balle gaban surukai. Malami da rawaninsa yake fita, mace da kallabi da hijabi. Idan irin wannan dattijo ya zauna a kujerar mai hoto, yaron da bai kai ɗansa ba zai ce masa, “Baba, a yi haƙuri a ɗan sauke, ido da haɓa ake so a gani.” Yakan yi jim, ya waiwaya ya ga ko akwai mai kallo, sannan ya ja ƙyallen ƙasa da yatsa biyu. Mai hoto mai ladabi yakan sallami ƴan kallo tukuna.

Yawancin ƙasashe sun yarda da rufe kai saboda addini, muddin fuska ta bayyana daga goshi zuwa ƙarƙashin haɓa. Haka dokar Birtaniya da ta Jamus take. Amurka ma ta yarda, sai dai mai neman fasfonta ya haɗa da takardar da ya sa wa hannu cewa suturar ta addini ce da yake sawa kullum. Ita ce kuma ta hana tabarau a hoto tun 1 ga Nuwamban 2016. Faransa ta ɗauki wata hanya daban: a hoton fasfonta da katin zama a ƙasarta, kai a buɗe, babu hijabi, babu rawani. Mabiya addinin Sikh, waɗanda rawani wajibi ne a wurinsu, sun kai ƙara. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ƙi sauraron ƙarar Shingara Mann Singh a 2008 kan lasisin tuƙi, amma kwamitin kare haƙƙin ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Ranjit Singh gaskiya a 2011, ya ce Faransa ta tauye masa ƴancin addini. Hujjar tsaro da Faransa ke kafawa a nan ba ta da ƙarfi, tunda na'urar da ke filin jirgin Landan tana gane mai hijabi ba tare da ta ga gashinta ba. Ɗalibar Filinge da ta samu gurbin karatu a Faransa ya kamata ta san da wannan sharaɗi tun tana gida.

Maniyyata suna da yawa a cikin masu neman fasfo daga karkara. Kujerun da Saudiyya ke ware wa Nijar sun haura 15,000 a shekara, kuma hukumar alhazai ta COHO da kamfanonin jigilar alhazai ne ke tattara takardun. Kuskuren da aka saba gani a nan mai sauƙin kaucewa ne: hajiya ta yi ado da sabon farin hijabi, ta zauna gaban farin bango, hoton ya fito ba a san inda kai ya ƙare bango ya fara ba. Hijabi mai duhu, wanda bai rufo goshi ko haɓa ba, shi ya fi. Kada kuma a ɗauko tsohon hoto daga ƙasan adaka. Amurka da Faransa ba sa karɓar wanda ya wuce wata 6, Birtaniya ma wata 1 ta ce.

Al'amarin yana ƙara sauyawa. Ranar 29 ga Janairun 2025, wadda Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ita ce ranar da aka sanar don fara aiki da fasfon ƙawancen ƙasashen uku, AES, tare da bayanin cewa tsofaffin fasfo za su ci gaba da aiki har wa'adinsu ya cika. A Najeriya tun farkon 2024 mai neman fasfo ke ɗora hotonsa ta intanet. Jamus kuma daga 1 ga Mayun 2025 ta koma karɓar hoton lantarki kawai, wanda aka ɗauka a ofis ko amintaccen mai hoto ya aiko, don toshe dabarar nan ta narkar da fuskoki biyu su zama ɗaya. Hoton takarda yana ja da baya, kuma hakan na nufin dole mutum ya kai kansa inda na'urar take.

Ga mazaunin Yamai wannan kuɗin taksi ne. Ga mutumin Shikal ko Tukunus ko Sanam kuwa kuɗin mota ne zuwa da dawowa, da kwana a gidan dangi, da barin gona ko garke, a jihar da sassanta ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, inda kuma mutane da yawa suka bar ƙauyukansu ba tare da ko takarda ɗaya ba. Ya kamata hukumomin da ke ba da fasfo da kartidantite su riƙa kawo na'urar ɗaukar hoto da zanen yatsa Filinge lokaci zuwa lokaci, musamman gab da rajistar hajji. Ofishin magajin gari kuma zai iya tara masu hoton gundumar ya koya musu ma'aunan nan, a liƙa su a bangon kowane shago da Hausa da Zabarmanci. Kafin a kai ga haka, mai niyyar tafiya ya faɗa wa mai hoto ƙasar da za shi tun kafin ya zauna a kujera, ya roƙe shi kada ya taɓa fuskar da kwamfuta, ya kuma karɓi hoton a wayarsa tare da na takarda.