Ganyen Taba Tsakanin Hunturu Da Marka

A watan Disamban da ya wuce wani abokina, wanda ya ke aiki a Abuja amma ya ke kwana a Keffi saboda tsadar hayar gida, ya komo daga wani taro a ƙasar waje da wani ɗan akwatin katako cikin jakarsa. A cikin akwatin akwai sanduna 25 na irin babbar sigarin nan ta ƙasar Kyuba, wadda ba a naɗe ta da takarda, ganye ne zalla ciki da baya. Shi kansa ba ya shan taba, ya sayo ta ne domin ya yi wa wani abokin huldarsa tsaraba, kuma kuɗin da ya kashe a kanta sun kusa albashinsa na wata guda. Da ya iso sai ya tarar mutumin ya yi tafiya, ya ɗora akwatin a bisa kabad ya manta da shi har mako uku. Ran da ya buɗe, sai ya ga ganyen da ya lulluɓe kowace sanda ya tsattsage, in ka ɗan matsa ta da yatsa sai ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganyen masara.

Abin da ya yi daga nan ya fi na farko muni. Ya yayyafa musu ruwan famfo, ya zuba su cikin leda ya ƙulle, ya tura ƙarƙashin gado. Bayan kwana biyar wasu sun kumbura sun fashe, wasu kuwa fumfuna ta yi musu farin gemu. Wannan hasara ta abokina ita ta kai ni cikin kasuwar Keffi, wurin wani dattijo mai sayar da ganyen taba da taba gari, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Bai taɓa ganin sigarin Kyuba ba, amma da na miƙa masa ɗaya ya juya ta, ya sansana, sai ya yi murmushi ya ce mini wannan ai ba wata cuta ba ce baƙuwa, hunturu ne ya fara kashe ta, gaggawa ta ƙarasa ta.

Mai karatu ya kamata ya fahimci halin ganyen taba tukuna. Ko da an yanke shi, an shanya, an naɗe, ba ya daina ma'amala da iska. In iska na ɗauke da laima sai ya tsotsa ya yi laushi, in kuwa iska ta bushe sai ya mayar mata da ruwan da ke jikinsa har ya zama garaje. Tare da ruwan nan kuma ɗan man da ke cikin ganyen, wanda shi ne tushen ƙanshinsa, ya kan bi iska ya tafi, kuma shi ba ya komowa. Ana iya mayar wa busasshen ganye da laushinsa, amma ba a iya mayar masa da dukan ƙanshinsa.

Mutanen Kyuba sun daɗe da sanin haka. A tsibirin nan ne ma mutanen Kolombus suka fara ganin 'yan ƙasa suna zuƙar hayaƙin naɗaɗɗen ganye a shekarar 1492, kuma har yau ganyen da a ke nomawa a lardin Pinar del Río, a yammacin tsibirin, shi ne ya fi kowane suna a duniya. Irin darajar da ya ke da ita ta kai ga cewa, kamar yadda sakataren watsa labarai na Shugaba Kennedy na Amurka, Pierre Salinger, ya bayar da labari da bakinsa, sai da shugaban ya sa ya sayo masa sanda 1,200 kafin ya sa hannu a kan dokar hana shigo da kayan Kyuba a watan Fabrairu na 1962. To, masu cinikin irin wannan kaya mai tsada sun tsayar da ƙa'ida guda: laimar iskar da ke kewaye da sigarin ta tsaya kusa da kashi 70 cikin 100, zafi kuwa kada ya wuce digiri 21. Su kan ajiye ta cikin akwati mai rufi ruf, da ɗan soso jiƙaƙƙe a maƙale a murfin, da 'yar na'ura mai kama da agogo wadda ke nuna yawan laima. Cikin akwatin a kan shimfiɗa shi da wani katako da Turawa ke kira sida na Sifen, alhali kuwa ba daga Sifen ya ke fitowa ba, itace ne na ƙasashen Amurka masu zafi. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ɗan uwan maɗaci ne da darbejiya, dangi ɗaya su ke. Amfaninsa shi ne ya kan sha laima in ta yi yawa, ya sake ta in ta yi ƙaranci, ƙwari kuma ba su son ƙanshinsa.

Yanzu a kwatanta wannan ƙa'ida da yanayin ƙasarmu. Keffi tana da nisan kimanin kilomita 50 daga Abuja, a Jihar Nasarawa wadda aka cire daga Filato a 1996, watau tana tsakiyar ƙasa inda damina ke da tsawo, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Cikin marka, a watan Agusta, laimar iska ta kan haye kashi 80, takalmin fata ma da aka bari a lungu sai ya yi fumfuna. Da iskar hunturu ta kaɗo daga arewa a Disamba da Janairu sai al'amari ya juye, leɓe ya tsage, katakon ƙofa ya motse, laima ta faɗi ƙasa ƙwarai, a wurare kamar Kano da Sakkwato har ta kan gaza kashi 20 da tsakar rana. Ke nan a cikin shekara guda ganyen taba a nan yana fuskantar maƙiya biyu masu saɓanin hali, kuma maganin ɗaya shi ne guba ga ɗayan. Zafin digiri 21 da Turawa ke magana a kai kuwa, in ban da asubahin hunturu, ban san inda za a same shi a ɗakin talaka ba.

Dattijon nan ba shi da na'urar awo, yatsunsa ne ma'auninsa. Ya nuna mini yadda ya ke yi: ya kan dunƙule ganye ɗaya a tafin hannu ya sake. In ya warware a hankali ba tare da ya karye ba, to, yana daidai. In ya farfashe, ya bushe. In kuwa ya tsaya a dunƙule kamar jiƙaƙƙen tsumma, ruwa ya yi masa yawa, sai a yi maza a baje shi a inuwa. Da hunturu ba ya taɓa kwance dami da rana. Sai da asuba, sa'ad da raɓa ta sassauta ganyen, sa'an nan ya ke ware abin da zai kai kasuwa a ranar, sauran ya mayar cikin buhu, ya danne, ya rufe da tsohon bargo a ɗaki mai daɓen ƙasa. In ganye ya bushe ba ya zuba masa ruwa a jiki, sai dai ya jiƙa buhun da ke waje, ya bar laimar ta ratsa da kanta cikin kwana biyu ko uku. A nan ne abokina ya yi kuskure, gama da ruwa ya taɓa sigarin kai tsaye sai ganyen ciki ya kumbura kafin na waje ya yi laushi, shi ya sa suka fashe. Da damina kuwa sai dattijon ya ɗaga damman daga ƙasa, ya ɗora a kan katako, ya riƙa juya su yana sansanawa, domin hanci ya kan ji fumfuna kafin ido ya gan ta.

Ita taba gari, wadda a ke niƙawa a haɗa da kanwa, kaɗan-kaɗan ya ke niƙa ta, gwargwadon abin da zai sayar cikin 'yan kwanaki, saboda gari ya fi ganye saurin sallacewa. Mutanen dā da su ke zuba ta cikin battar fata mai murfi matsattse ba don ado kaɗai su ke yi ba.

Duk wanda ya zauna kusa da 'yan goro zai ga wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu. Huhun goro da a ke lulluɓewa da ganyen fita, a riƙa kwancewa lokaci-lokaci ana tsince wanda sankara ta kama, ana sake sabon ganye, shi ne ya ba fatake damar ɗauko goro daga Gwanja su yi watanni a hanya su iso Kano da shi ɗanye shar. A ganina hikimar da ke cikin huhun goro ba ta gaza ta akwatin katakon Turawa ba, sai dai ita ba wanda ya rubuta ta a littafi ya sa mata lamba.

Kamfanonin taba ma da wannan yanayi su ka yi ta kokawa. Kamfanin Taba na Nijeriya, watau NTC, ya buɗe ma'aikatarsa ta Zariya a 1959, bayan ta Ibadan da ta Fatakwal, kuma a shekarar 2000 aka haɗe shi da kamfanin British American Tobacco. A ƙasar Oyo da wuta a ke gasa ganyen cikin dogayen ɗakuna, amma a arewa manoma a inuwa su ke rataye shi iska ta busar da shi, tun da ya ke hunturu ya kan yi aikin kyauta. Wahalar tana wajen ɗauri da awo, domin ganyen da ya bushe ƙayau ba ya ɗauruwa sai ya ruguje, wanda ya yi laima da yawa kuwa ya kan ruɓe a tsakiyar dami.

Akwai kuma maƙiyi na uku, wani ɗan ƙwaro ja-ja wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ya kan sa ƙwai a jikin ganye tun yana rumbu, in wuri ya yi ɗumi da laima sai tsutsa ta ƙyanƙyashe ta yi ta ci, a wayi gari a ga 'yan ƙananan huji kamar na allura da gari a gindin akwati. Zafin ƙasarmu daidai ya ke da abin da ya ke so. Masu cinikin sigarin ganye su kan kashe shi ta hanyar ƙulle kayan cikin leda mai kauri a sa a injin ƙanƙara na wajen kwana uku, sa'an nan a sauko da shi a hankali. Amma wannan magani ne na ƙwaro, ba wurin ajiya ba ne. Firji busar da kaya ya ke yi, kuma taba ta kan kwashi warin duk abin da ke kusa da ita, ko daddawa ce ko kifi, balle kuma a garin da wutar lantarki ke ɗaukewa tana komowa, kayan su yi gumi su bushe, su sake yin gumi.

Ga wanda ba shi da akwatin Turawa akwai dabaru biyu masu araha. Ta farko gishirin miya ne. In aka zuba shi a ɗan murfin kwalba, aka ɗiga ruwa har ya jiƙe amma bai narke duka ba, aka sa cikin mazubi mai rufi ruf, iskar da ke ciki za ta tsaya a kashi 75 na laima. Da wannan ne ma a ke gwada gaskiyar na'urorin awo. Ya ɗan ɗara ƙa'ida, saboda haka da hunturu ya ke da amfani, da damina sai a cire shi. Ta biyu ita ce tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami daga Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yayata har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Don tumatir da gauta ya yi ta, amma sanyin da ta ke bayarwa sa'ad da iska ta bushe zai yi wa ganyen taba amfani, muddin an fara ƙulle shi cikin mazubinsa don kada ruwa ya taɓa shi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yi wa taba talla. Tun farkon ƙarni na 17 malamai ke gardama a kanta, har Shaihu Ahmadu Baba na Tumbutu ya yi rubutu yana ganin ba haram ba ce, wasu na zamaninsa su ka saɓa masa. Likitoci kuwa sun gama tasu gardamar: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara, kuma ta ganye da ta gari ba su kuɓuta daga wannan ba. Dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana shan ta a wuraren taruwar jama'a. Sai dai dattijon nan da ire-irensa dukan jarinsu yana cikin buhu biyu ko uku ne, kuma na ji daga bakinsa cewa akwai masu karkaɗe fumfuna daga ganyen da ya lalace su niƙa shi da kanwa su sayar, domin a gari ba a gane wa. Wanda zai shaƙa ko ya gumtsa shi ne ke ɗaukar cuta biyu.

Daga cikin sanduna 25 na abokina, dattijon ya ware guda 9 waɗanda ba su fashe ba kuma fumfuna ba ta shiga cikinsu ba. Ya ce in gaya masa ya sa su a gwangwani mai murfi, ya ajiye ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle a gefe ba tare da ya taɓa su ba, ya riƙa juya su har mako biyu. Sauran 16 ya ce in kai juji, ya kuma ƙi karɓarsu ko da kyauta.